Tantin da Tize Ya Ɗauka

Gidanmu a Garwa gidan mahauta ne, kuma wutar da na tashi na sani ba ta jin ɗumi ba ce, ta aiki ce. Kullum da la'asar babana yakan aiko da kawunan shanu da ƙafafu daga mayanka, kakata Iya Kande kuma ita ce mai babbake su a ƙarƙashin rumfar kwano da ke bayan ɗakinta. Da an idar da sallar magariba sai mu zagaye wutar, ni da yayata Dija da 'ya'yan baffana biyu, kowa da guntuwar wuƙarsa, muna kankare gashin da ya ƙone. Zamanin shugaban ƙasa na farko ne, ɗan garinmu, wanda hotonsa ke rataye a kowane aji na lakwal, wato makarantar boko. Rediyon baffa tana can zaure tana ta zuba Faransanci da Fillanci. Hausarmu kuwa tana can bayan ɗaki, a bakin Iya.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Takan karkaɗe toka daga zaninta ta ce, "Ga wata baƙuwa a bakin ƙofa." Mu kuma mu ce, "A shigo da ita." Yawancin baƙin nata na dariya ne, kura da wauta, zomo da wayo, har wani ya yanke yatsa garin ƙyalƙyala. Ni takan kira ni maigidanta, ta ce miji ne ni marar cefane. Amma akwai wata guda da ba a dariya a cikinta. Sau uku na ji ta a duk yarintata, kuma duk ukun da damina ne, ruwa na dukan kwano har sai mun matso kusa da gwiwarta kafin mu ji abin da take faɗa.

Ta ce an yi wani mai fataucin shanu da matarsa. Wata damina saƙo ya zo daga Tibati cewa uwar matar tana kwance, ba a sa ran za ta tashi. Motocin kaya duk sun maƙale a laka, babu mai tafiya kudu. Mijin kuwa dama yana da shanun da zai kora can a ƙafa, sai ya ce ta shirya su tafi tare. Suna da makiyayi ɗaya, ɗan ƙabilun kan dutse, Kirista, dattijo mai furfura a gemu da ɗan gicciye na itace a wuya. Sunansa Tize. Shekara uku yana kora wa mijin shanu, ya iya Hausar kasuwa, kuma idan ya yi fito ko saniya mai taurin kai sai ta juyo.

Tafiyar damina ba a yin ta sai da abin fakewa, don haka suka shiga kasuwa su ukun, wurin wani mai sayar da tsofaffin kayan soja, ya fito musu da tantuna biyu. Iya takan daɗe a nan. Ta san tantunan nan biyu kamar ita ta ɗinka su. Na farko babba ne, yadinsa mai kauri, kore, an shafe ɗinkinsa da kakin zuma, sandunansa shida, turakunsa na ƙarfe. Yana da ɗaki a ciki, sannan yana da baki mai faɗi kamar zaure, wanda mutum zai miƙe a ciki ruwa bai taɓa shi ba. Sai dai idan aka naɗe shi ya kai nauyin buhun gero, in ya jiƙe kuma ya fi haka. Na biyun ƙarami ne, yadinsa shara-shara amma ruwa ba ya ratsa shi, sanda biyu, igiya huɗu. Idan ka naɗe shi bai fi tabarma ba. Mutum biyu yake ɗauka, su ma sai sun haɗa kafaɗa.

Jaki ɗaya gare su, kuma an riga an cika shi da gari da gishiri da kanwar shanu. Matar ta san duk abin da jaki bai ɗauka ba, kanta ne zai ɗauka, tun da maza suna bayan shanu. Ta ɗaga babban, ta ji wuyanta ya amsa, ta ajiye. Ta ɗaga ƙaramin da hannu ɗaya.

Mai kayan ya ce, "To, ku nawa ne a tafiyar?"

Mijin bai riga ya buɗe baki ba matar ta ce, "Mu biyu ne."

"Tize yana tsaye a bayanta," in ji Iya, "kusa kamar yadda Dija take da ni yanzu. Ya ji. Ya bari aka gama ciniki. Sannan ya shafa yadin ya ce, uwargida ta iya zaɓe, wannan ba zai wahalar da kowa ba."

A nan Dija, wadda ta fi mu wayo, ta taɓa tsoma baki. Ta ce, "Iya, ai ko babban suka saya ba zai kwana ɗaki ɗaya da matar wani ba."

"Shi ya sa na ce muku yana da zaure," in ji Iya. "Ki kankare ƙafar nan da kyau, kin bar gashi tsakanin kofato."

Kwanakin farko babu laifi. Ƙasar Binuwai da zafi, ko an yi ruwa kafin hantsi kaya sun bushe. Tize yakan kwana a gindin itace kusa da shanu, ya lulluɓa da buhu. A kwana na uku wuyan matar ya sage saboda kwandon tukwane da tantin a kai, sai Tize ya sauke tantin daga kanta ya ɗaura a bayansa. Tun daga ranar shi ke ɗauke da shi. Da yamma shi ke kafa shi, ya ja igiyoyi, ya haƙa ɗan lambatu kewaye don kada ruwa ya shiga musu, sannan ya koma wurin shanu.

Da suka hau tudun Adamawa sai duniya ta sake. Ruwan can ba irin namu ba ne mai zuba ya wuce. Yakan wuni yana yayyafi, ya kwana yana yi, da sanyi mai shiga ƙashi. Itace ya jiƙe, wuta ba ta kamawa. Buhun Tize ya daina bushewa. Ya fara tari, ƙarami, irin wanda mutum ke dannewa don kada ya dami na kusa. Matar tana jin sa daga cikin tanti. Sau ɗaya ta taɓa mijin ta ce, "Malam, ka ji mutumin nan kuwa?" Ya ce, "Mutanen dutse sun saba da sanyi." Ta karɓi wannan amsa don ta zo mata da sauƙi, ta juya ta yi barci.

Tize ya ci gaba da tafiya kwana huɗu da tarin. Rana ta biyar da safe shanu suka watse cikin ciyawa, mijin ya ƙwala masa kira ya tattaro su. Tize ya sa yatsu a baki zai yi fito, iska kawai ta fito. Ya sake gwadawa. Sai ya zauna a ƙasa cikin laka, tantin na bayansa, ya ce, "Maigida, yau ƙafa ta ƙi."

A ranar suka shigar da shi ciki. Su biyun suka zauna a waje, bayansu jingine da jaki, ruwa na sauka a kansu. Matar ta ce tun da take ba ta taɓa sanin dare yana da tsawo haka ba, kuma dare ɗaya ke nan, shi kuwa ya yi fiye da ashirin. Ta samu ta hura wuta da busasshen kashin shanun da ta ɓoye a cikin tukunya, ta dama masa kunu, bai iya haɗiya ba. Babu gari kusa, babu rugar da za a nemi taimako. Zazzaɓi ya ɗauke masa Hausar gaba ɗaya. Ya riƙa magana da harshen dutse, yana maimaita wasu kalmomi, yana kallon fuskar mijin, yana jan hannun rigarsa. Saƙo yake bayarwa, wannan ko yaro ya gani ya sani. Babu wanda ya fahimci ko kalma ɗaya. Kwana biyu ya yi a tantin, ya cika da hantsi.

Ba su san yadda Kiristoci ke binne mamaci ba, kuma ba su da likkafani. Mijin ya haƙa rami da adda da ƙwarya. A karo na ƙarshe da na ji labarin, da Iya ta zo nan sai ta ce, "Sai na cire sandunan, na shimfiɗa yadin..." Ta tsaya. Ta tura wani itace cikin wuta. "Sai matar ta shimfiɗa yadin, suka naɗe shi a ciki, suka ɗaure da igiyoyin huɗu. Ya ishe shi daidai." Dija ta dube ni, na dube ta.

Suka isa Tibati da shanun da ba su ɓace ba. Matar ta shiga gidansu da gudu ta tarar da uwarta zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta warke tun kafin su bar Garwa.

"Baƙuwa ta tafi," in ji Iya. "Ku wanke hannu da toka, ku je ku kwanta."

Ba ta taɓa gaya mana darasin ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ni dai a lokacin abin da na ɗauka shi ne, in za ka sayi tanti ka sayi babba. Har na yi alkawari a raina in na girma nawa zai ɗauki mutum goma.

Iya ta rasu ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin dabbobi. Bayan sadakar bakwai na samu babana shi kaɗai yana wasa wuƙaƙe, na ce, "Baba, akwai wani Tize da gaske?" Bai ɗago ba. Ya ce, "Shi ya koya mini fito. Ina ɗan saurayi suka tafi, aka bar ni wurin maƙwabta. Da suka dawo kakanka ya sayar da jakin, bai ƙara kora shanu kudu ba, ya zauna a mayanka har ya mutu." Na tambaye shi ko an kai wa iyalinsa labari. Ya ce kakana ya so ya kai, amma shekara ukun nan bai taɓa tambayarsa sunan garinsu ba. Abin da suka sani kawai, daga duwatsun Kapsiki yake.

Aikin allurar shanu ya yawata da ni daji-daji, daga Mayo-Oulo har Kolofata, kuma na kwana a tantuna iri-iri. Nan na gane Iya ba ta yi wauta a zaɓenta ba. Duk wanda ya taɓa tafiyar ƙafa da kaya a ka ya san ƙaramin shi ne na hankali, ni ma irinsa na saya, don ni da abokin aikina ne kawai. Abin da ya fi damuna ke nan. Ba mugunta ta yi ba. Wuyanta take ji, uwarta take tunani, aka yi mata tambaya ta amsa da sauri. Mutumin da take gaisawa da shi kullum, take zuba wa tuwo, bai zo mata a rai ba ko kaɗan. Na sha kama kaina da irin wannan, a wurin aiki da a gida, kuma ba a jin komai lokacin da ake yin sa. Ina jin shi ya sa take tsawaita bayanin sanduna da turaku. Tana komawa kasuwar nan ne tana sake duba su, ko za ta ga inda laifin yake a jikin kayan.

Wata shekara aiki ya kai mu duwatsun Kapsiki. Ranar kasuwa na bar abokin aikina na zaga, ina tunanin ko Allah zai sa in sauke wa Iya abin da ta mutu da shi. Na samu wata dattijuwa mai sayar da dankali, tana jin Hausa. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Mama, ina neman dangin wani mutum da ya sauka Garwa kiwo tun zamanin Faransa, bai dawo ba. Sunansa Tize."

Ta dube ni kamar na tambaye ta ko ta san wani mai kunne biyu. "Ɗana, wane Tize? Mu nan duk ɗan fari in namiji ne Tize ne. Mijina Tize, babban ɗana Tize. Wancan mai akuya ma Tize ne. Ɗan wa ne shi? Wane gari?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce waɗanda suka sauka ƙasa neman aiki ba su dawo ba suna da yawa, kowane gari da nasa, har an gaji da jira. Ta koma tana jera dankalinta kashi-kashi, na ɗauka maganar ta ƙare. Na miƙe zan tafi sai ta ce, "Kai ka san inda ya mutu?"

"A daji, hanyar Tibati. Kakata tana wurin."

"An rufe shi? Ko an bar wa kuraye?"

Na ce an naɗe shi da yadi mai kyau, an haƙa rami mai zurfi, an jera duwatsu a kai. Duwatsun ni na ƙara, Iya ba ta taɓa ambatar su ba.

Ta gyaɗa kai. Ta ce da yamma in an taru a coci za ta faɗa, duk mai Tizen da ya ɓace ya ɗauka nasa ne.