Hanyar da Baba ya yi wa Inna alkawari

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Garba direba, wanda mutanen ƙauyenmu na kusa da Suki, a nan Sudan, suka fi sani da Garba Sawwag, wato direba da Larabci. Mutumin da ya yi fiye da rabin rayuwarsa a kan hanya, a kan tabarmarsa ya cika, a inuwar darbejiyar ƙofar gidanmu, bayan ciwon suga ya daɗe yana cin sa. Kowace shekara idan lokacin ya zagayo mukan yi sadaka, a yi masa addu'a, a watse. Bana na ga ya kamata in rubuta wani abu a kansa, domin abin da ya same mu a 'yan shekarun nan ya sa na fahimce shi fiye da yadda na fahimce shi yana raye.

Lori yake tuƙawa. Yakan ɗauki riɗi da dawa daga Suki da Dindir, ya bi ta Gadarif da Kassala, ya ratsa hamada zuwa Haiya, ya hau duwatsun Sinkat, sannan ya gangara ta mashigin da ake kira Agaba har bakin teku a Bur Sudan. Ya dawo da gishiri ko siminti. Sauran direbobi idan sun dawo, hirarsu ba ta wuce tsadar mai da fashewar taya da fitinar masu tsaron hanya. Baba kuwa duwatsu yake kawo mana gida. Da ya wanke ƙurar jikinsa, aka ajiye masa kisra, wato siririyar wainar dawa, da miyar kuɓewa, sai ya fara. Ya ce duwatsun Kassala sumul suke kamar malmalar tuwon da aka jera wa ƙattai. Ya ce bayan Kassala akwai busassun koramu da goriba ta yi layi a bakinsu, ba ɗigon ruwa, amma raƙuma na kwance a ciki kamar suna jiransa. Ya ce a Sinkat iska tana da sanyi ko da rani. Idan ya zo kan Agaba kuwa har ajiye lomarsa yake yi. Wai hanya tana murɗewa tsakanin duwatsu kamar igiyar guga, kuma akwai wata kwana da idan ka leƙa kwazazzabon da ke ƙasa, raƙumi zai zame maka kamar cinnaka, kuma da la'asar sakaliya dutsen nan baƙi ƙirin yakan koma ja kamar garwashi.

Mu kuwa mutanen shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne. Abin da ya fi komai tudu a ƙauyenmu shi ne gaɓar tur'a, wato magudanar da ke kawo ruwa gonaki. Saboda haka mahaifiyata, Inna Hajara, ba ta taɓa yarda da shi ba. Tana tsince wake ko tana gyaran zogale za ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, "Malam, rage gishiri, yara na ji."

Shi kuma ya yi dariya ya ce, "Hajo, gani ya kori ji. Kujerar gaba taki ce, ranar da kika shirya."

Amsarta kullum ɗaya ce: wa zai kula da hawasha, gonar da muke nomawa, wa zai kula da awaki, a bari sai an gama girbi. Idan an gama girbi sai biki ya taso, ko haihuwa, ko rasuwa a Mai Wurno inda danginta suke. Haka shekaru suka yi ta tafiya. Yayana Usman ya bi shi sau da yawa, har ya samu aiki a tashar jiragen ruwa ya zauna a can. Ni karatu ya riƙe ni, daga baya koyarwa da aure. Idon Baba ya yi rauni, ya sayar da lorin, ya zauna gida. Ko a kwanakinsa na ƙarshe, idan baƙo ya zo dubiya daga gabas, abin da yake fara tambaya shi ne ko an yi ruwa a Sinkat bana.

Waɗanda suka taɓa hawa bayan lorinsa sun gaya mini cewa yana da wani hali da ke ba fasinja haushi. Duk saurin da ake yi, idan ya iso wannan kwanar ta Agaba sai ya tsaya, ya kashe mota, ya ce kowa ya sauko ya duba. Idan an yi ƙorafi sai ya ce Allah bai halicci wannan wuri don a wuce shi da gudu ba, kuma kakanninmu da suka baro Sakkwato da ƙafa suka ratsa duwatsun nan zuwa Sawakin don su ƙetare teku su yi aikin Hajji, to wane ne shi da zai wuce bai gaishe su ba. A lokacin ni ma a cikin raina nakan ɗauke shi mutum mai son ɓata lokaci.

Ba zan ba da labarin yaƙi a nan ba, kowane mai karanta wannan shafi yana da nasa, wani ma ya fi namu ɗaci. Abin da zan ce kawai shi ne ya iso mu da damina, muka fita da abin da hannu zai iya ɗauka, ni da mijina da 'ya'yana da Inna. Muka ratsa taɓon Dindir, wani wuri da ƙafa, wani wuri a bayan tarakta, har Gadarif, inda aka sauke mu a wata makaranta. Inna ta bar awakinta, ta bar tukwanenta na gado, ta bar kabarin mijinta. Tun ranar da muka fito ta daina magana. Ba kurumta ta yi ba, tana ji, tana sallah, amma bakinta ya rufe. Abinci kuwa sai in yi ta lallashi kafin ta kurɓi kunu. Wata ma'aikaciyar jinya ta duba ta, ta ce ba ta ga ciwo a jikinta ba, zuciya ce, kuma tsofaffi da yawa a haka suke tafiya. Na dubi wuyan hannun Inna, munduwarta har zamewa take yi, na san idan ba wani ikon Allah ba, ba za ta kai kaka ba.

Usman ya aiko mu taho Bur Sudan. Ba a samun wuri a bas, sai muka samu wani lori mai ɗauke da dawa. Direban wani dattijon Bahadandawe ne, ɗan ƙabilar duwatsun gabas, mai suna Ohaj, mai ƙarancin magana. Da ya ga halin da Inna ke ciki ya ce ba za ta hau saman kaya ba, ta shiga gaba, ni kuma in zauna kusa da ita. Mijina da yara suka hau sama tare da sauran masu gudun hijira. Da na taimaka mata ta hau wannan kujera, sai da na kau da kai don kada ta ga idona.

Ta jingina kanta da ƙofa, ido a rufe, har muka yi nisa. Da yamma, muna dab da Kassala, na ji ta motsa. Ta miƙe zaune, ta dafa gaban motar da hannu biyu. Can gabanmu ga duwatsun nan sun taso daga ƙasa, manya, sumul, jere da juna. Ta daɗe tana kallo, sannan ta kira sunana ta ce, da muryar da ta dushe don rashin amfani, "Sa'a, bai yi ƙarya ba."

Ita ce maganarta ta farko tun barinmu gida.

Muka kwana a Kassala, da asuba muka kama hanya. Wannan rana Inna ba ta runtsa ba. Matar da kafin yaƙi ba ta taɓa wuce Sinnar ba ita ce ke gaya mini abin da ke gaba. Ta ce yanzu za mu ga koramun goriba, muka gan su, har da raƙuman. Ta ce bayan Haiya ƙasa za ta fara tashi, ta tashi. Ashe duk shekarun nan da take tsince wake tana cewa a rage gishiri, ba abin da ya faɗi ƙasa. Ohaj ya tambaye ta da Larabci sau nawa ta bi hanyar, ta ce masa ba ko sau ɗaya, mijinta ne direba. Ya gyaɗa kai.

Da muka wuce Sinkat muka fara gangara, duwatsu suka rufe mu hagu da dama, hanya ta shiga murɗewa. Inna ta ce masa akwai wata kwana a gaba, tana so ya tsaya.

"Ya Hajja," in ji shi, "nan ba wurin tsayawa ba ne. Mutanen sama sun gaji, kuma ina so mu sauka da sauran haske."

Ba ta yi musu ba, ta koma ta jingina. Muka ci gaba kaɗan. Sai a wani wuri da gefen hanya ya ɗan yi faɗi, Ohaj ya rage gudu, ya gangara gefe, ya kashe mota. Ya ce birki ya yi zafi, dole ya huce. Har yau ban sani ba ko birkin ne da gaske.

Na riƙe ta muka taka zuwa bakin kwazazzabon. Na leƙa. Can ƙasa busasshiyar korama ce fara fat, da 'yan ƙayoyi jefi-jefi, rana kuma ta karkata a bayanmu, ta bugi dutsen da ke fuskantarmu, ya yi ja tun daga sama har ƙasa. Mutanen saman kaya suka sauko ɗaya bayan ɗaya. Mutane ne da kowannensu ya rasa wani abu, wani shago, wani gida, wata ɗa, kuma tun Gadarif ban ji wani ya ɗaga murya ba. Suka tsaya suna kallo. Yara suka yi ihu, dutse ya maido musu, suka fashe da dariya. Wani dattijo ya shiga tasbihi. Ohaj ya hura gawayi a gefen taya, ya dafa gahawa mai citta a 'yar tukunyarsu ta ƙasa, ya fara miƙa wa Inna.

Ta karɓa, ta kurɓa. Hawaye na bin kumatunta amma fuskarta a sake take. Ta ce, "Ashe ma bai faɗi rabi ba." Can kuma ta juyo gare ni ta ce, "Akwai sauran burodin nan da dabino?"

Ta cinye a tsaye a bakin dutsen.

Nakan tambayi kaina abin da Baba zai ce da ya ga hanyarsa a yau. Na san ransa zai ɓaci idan ya ga shingayen bincike barkatai, da ramukan da suka cinye kwalta, da motoci maƙare da katifu da tsofaffi maimakon riɗi. Na san zai yi faɗa da manyan bas-bas ɗin zamani masu sanyi, waɗanda ake sauke musu labule tun daga tasha, kowa ya sunkuya kan wayarsa har a iso ba wanda ya san ta inda aka bi. Amma ina jin da ya ga yammacin nan, da ya ga taron mutanen da ba su san sunansa ba suna tsaye shiru a inda yake tsayawa, da ya ce kowa ya daɗe ya ga daɗau.

A Bur Sudan Inna ta farfaɗo. Zafin garin bai dame ta ba. Kafin wata ya zagayo ta sa Usman ya nemo mata gero da nono, ta fara dama godogodo a ƙofar gidansa, 'yan uwanmu Hausawa masu aikin dako suna layi. Da hanya ta buɗe aka ce ana iya komawa, ita ce ta fara ɗaure kayanta. Mun tarar da gida ba ƙofa ba taga, awaki babu, tur'a ta cike da laka da ciyawa. Ta zagaya, ta je ta gaida kabarin Baba, ta dawo ta ce idan ruwa ya zube ya bar tulu, an gode Allah, a nemo tsintsiya. Maza suka yi gayya suka yashe magudanar. Bara mun shuka dawa kaɗan, bana mun ƙara da riɗi. Makarantarmu ta buɗe, ko da yake rabin ɗalibaina a ƙasa suke zama.

Baba bai bar mana gini ba, lorin ma ban san inda ƙarafansa suke ba. Abin da ya bari shi ne wannan tabbaci da ya yi ta zuba mana a kunne muna dariya, cewa duniyar Allah tana da faɗi kuma tana da kyau, kuma ya halatta mutum ya tsaya ya dube ta ko da yana cikin sauri, ko da yana cikin wuya. Ban san gadon zai yi amfani ba sai ranar da ya ceci ran matarsa.

A sadakar bana, bayan an shafa fatiha maza sun fita, matan unguwa suka zauna da Inna a tsakar gida. A cikinsu akwai Gwaggo Asabe, maƙwabciyarmu, wadda ɗanta ya fita tun farkon tashin hankalin kuma har yau ba labarinsa. Ta daɗe ba ta shiga taro. Ita ce ta tambayi Inna, a hankali, ko dutsen nan da gaske yana yin ja. Kafin a kwashe kwanuka magana ta yi nisa: tsofaffin nan sun yanke shawara za su sa Usman ya nemo musu ƙaramar mota bayan babbar salla, su je su gani da idonsu, su kwana biyu a bakin teku su dawo. Na ce wa Inna hanyar da nisa, kuma jikinta ba kamar da ba. Ta harare ni ta ce, "Wancan karon tsoro ne ya kai ni. Wannan karon ni zan kai kaina."

Allah Ya jiƙan Malam Garba, Ya haskaka kabarinsa, Ya kai su lafiya Ya dawo mana da su lafiya.