Ƙwaryar Furar Maiɗakina

Na taso kusa da gulbi, kuma abin da na sani shi ne ruwa yana cika da damina, ya janye da rani. Ba wanda ya taɓa gaya mini cewa na teku kullum yake yin daminarsa da raninsa.

Lokacin ina ƙasar waje, ina sayar da huluna da laima a unguwar Tremont ta Bronx. Maƙwabcina, wani direban tasi ɗan zangon Kumasi, ya nuna mini bidiyo a wayarsa: mutane cikin fadama, ruwa iya gwiwa, suna kama jan kifi mai ɗigon baƙi a wutsiya. Ko tambayar jihar da aka ɗauki bidiyon ban yi ba, na ce ai wannan wasan yara ne a garinmu.

Muka sayi ƙugiya muka nufi wata fadama a ƙarshen Bronx. Don zuba kifi, na ɗauko ƙwaryar furar maiɗakina ba da saninta ba. Mahaifiyarta ce ta ba ta, ita kuma ta rungumo ta a jirgi tun daga Maraɗi, ko 'ya'yanta ba sa taɓa ta.

Muka tarar da taɓo fetal, ruwa can nesa. Na ce, "Alhaji, ashe nan ma fari ake yi." Na jefa hulata cikin ƙwarya, na ajiye ta a kan yashi, muka nannaɗe wando muka shiga. Shi ya kamo ciyawa, ni na kamo rigarsa.

Can sai ya ce, "Malam, ni ne nake gajarcewa ko ruwa ne ke tasowa?"

Na ce, "Kwantar da hankalinka, damina da saura."

Da na waiga, babu yashi. Ga ƙwarya can tana rangaji, hulata a ciki kamar direba. Na zabura, taɓo ya riƙe ƙafata, na kifa da fuska. Wani Bature ya zo wucewa a ƙaramin kwalekwale, na yi ta ihu ina nuna masa ƙwarya. Ya kalle ta, ya yi murmushi, ya ɗaga mata hannu.

Har yau ina jin nauyin abin, don na ga idon maiɗakina ya kawo ruwa da na gaya mata. Sannan ta ce, "Malam, tekun nan ya kai Kwatano?"

Na ce, "Haka na ji ana faɗa."

Ta miƙo mini waya. "To kira ƙanenka da ke can, ya je bakin ruwa ya tsaya."