Tabarau ɗin ƙanwata

Shekarun baya can, lokacin da na dawo daga bautar ƙasa, ni kaɗai ne mai digiri a danginmu na Naraguta. Ko takardar asibiti aka ba mutum sai an kawo mini na duba, ni da na karanci tarihi. A garin makafi mai ido ɗaya ne sarki, kuma ba zan ɓoye muku ba, sarautar ta yi mini daɗi.

Ƙanwata tana ajin ƙarshe a sakandare lokacin. Akwai ta da kai a lissafi, kuma ba ta da zance sai na tuƙin jirgin sama. Har ta rubuta hanyoyi uku a takarda: ko ta fara yin jami'a sannan ta nemi makarantar tuƙi, ko ta wuce makarantar tuƙin jirgi ta Zariya kai tsaye, ko ta shiga sojan sama.

Wata Lahadi bayan mun taso daga coci, Baba ya kira mu, ya miƙo mini takardar.

"Kai ka yi boko, ka zaɓa mata. In ta kama a sayar da gonar kabejin nan ta bakin tafki, zan sayar."

Ni ko cikin jirgi ban taɓa leƙawa ba. Iyakar ilimina a fannin wata hira ce da na ji a teburin mai jarida a kasuwar Taminus, wai soja sun kori wani saboda idonsa. Na dubi takardar, na dubi tabarau ɗin da take sawa tun firamare, na gyara murya.

"Baba, kar ka yi asarar gonarka. Mai tabarau ba ya tuƙa jirgi."

"Yaya, ka tabbata?" in ji ta a hankali. "Ko mu tambayi likita?"

"Ke za ki koya mini?"

Baba ya ce shi ke nan, yayanki ya gama magana. Ta ninke takardar ta shige kicin wurin Mama. Daga baya ta karanci lissafi, ta zama malama a wata sakandare a Kuru.

An ɗau shekaru kafin aiki ya tura ni Legas, karona na farko a jirgi. Da muka sauka, matuƙin ya tsaya a bakin ƙofa yana gaisawa da fasinjoji, da tabarau a fuskarsa wanda ya fi na ƙanwata kauri. Na tsaya a gabansa na tambaye shi.

"Oga, don Allah, da wannan kake tuƙi?"

Ya yi dariya. "Tun ina ɗalibi. In dai gilashin ya gyara ganinka, likita ya tabbatar, ba wahala."

Sai da na yi mako biyu kafin na iya zuwa Kuru. Na same ta tana duba takardun jarrabawar yara. Na yi ta kame-kame, da ƙyar na faɗi abin da ya kawo ni. Ko kai ba ta ɗaga ba.

"Na sani, Yaya. Tun ina aji biyu a jami'a na gano."

"To me ya hana ki faɗa?"

"In je in ce wa Baba ɗansa mai digiri bai san abin da yake faɗa ba? Da kai fa yake taƙama a coci."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Da zagina ta yi, da na samu sauƙi. Ni na ƙwace mata abin da ta fi so, ita kuma ta rufa mini asiri, har Baba ya koma ga Ubangiji bai sani ba.

Na roƙi gafara, ta ce ya wuce, kuma na yarda ta yafe. Yanzu in matashi ya kawo mini tambayar da ta fi ƙarfina, wurin masu abin nake tura shi. Amma har yau, in muna hira da ita jirgi ya ratsa ta sama, sai ta yi shiru a tsakiyar magana har ƙararsa ta ɓace. Ni kuma ƙasa nake kallo.