Injin da Aka Hau da Shi Benen Gwaggo

Gwaggona, yayar mahaifina, shekara talatin da biyu ta yi tana karɓar haihuwa a asibiti, shi ya sa har yau ake kiranta Sista. Da ta ajiye aiki, ta kwashe kuɗin sallamarta ta sayi fili a bakin titi. Ta ce shaguna huɗu za ta gina a ƙasa, babban ɗaki ɗaya a sama, ta riƙa cin haya ba sai ta miƙa wa ɗan kowa hannu ba.

Ana tsakiyar gini kuɗi suka yi mata gardama. Magini ya ce rodi mai kauri ya yi tsada, amma akwai siriri, in dai ofis za a yi a saman, tebur da kujera kawai, zai ɗauka. Ta ce a sa siririn. Ba ta gaya wa kowa ba.

Shekara huɗu lafiya lau. Ƙasa akwai mai aski, mai kemis, mai gyaran waya, sai shagon ƙarshe da ta ba 'yarta Auta tana ɗinki. Sama wani lauya ne. Da lauyan ya tashi, ɗakin ya yi wata bakwai a kulle, sai ga wani mai ɗab'i yana so. Don murna ta sa hannu ba ta tambayi abin da zai shigo da shi ba.

Tana tsaye a tsallaken titi ranar da ƙarti goma sha biyu suka ja injinsa da sarƙa ta taga. Bayansa aka riƙa hawa da ɗaurin takardu har suka kusa taɓa rufi. Ta ce mini a nan ta tuna da siririn rodin nan.

Bayan sati biyu Auta ta yi ƙorafin wani gari-gari na zubo mata a kan farin yadi. Gwaggo ta ɗaga kai. Tsaga ce siririya kamar zare a jikin simintin da ya ratsa saman shagon, kuma duk sanda injin ya tashi sai ta ga kamar tana numfashi. A ƙasan teburin yanka, jaririyar Auta na barci a kan katifa.

"Kawo ta nan, zafi ya yi yawa a shagon nan," in ji Gwaggo.

"Mama, fanka fa na aiki."

"Na ce kawo ta."

Ta hau kujera ta ja layi da biro a inda tsagar ta tsaya. Kwana uku, tsagar ta wuce layin da tsawon yatsa. Gwaggo ta daina cin abinci. Kullum tana kan benci a tsallaken titi, jika a cinya, ido a kan ginin. In babbar mota ta wuce sai ta miƙe zumbur. Faɗa wa mutane na nufin faɗin abin da ta yi, shiru kuwa ta san inda zai kai.

A rana ta biyar ta kira ni. "Ɗana, nemo mini injiniya. Yau ɗin nan."

Wadda na samo mace ce mara yawan magana. Ta haska tsagar da tocila, ta hau sama ta sauko da sauri.

"Mama, wane rodi aka sa?"

Gwaggo ta dubi Auta, ta dubi ƙasa, ta faɗa.

"A kashe injin nan, kowa ya fito. Yanzu," in ji injiniyar.

Mai aski ya fito da mutuminsa rabin kai a aske, ba wanda ya yi dariya. Mai ɗab'i ya sauko yana huci, wai yana da aikin makarantu uku da za a karɓa jibi. Gwaggo ta tsaya gabansu duka ta ce, "Laifina ne. Ni na ce a rage ƙarfe. Ku zage ni a waje, kada dai ku koma ciki."

Aka tokare shagunan da sandunan ƙarfe. Kwana biyu ana kwance injin ana saukowa da shi gunduwa-gunduwa. A rana ta biyu wani ɓangaren siminti ya ɓallo ya murƙushe keken ɗinkin Auta. Gwaggo ta ji ƙarar daga benci, ta rufe kan jikarta da hannu biyu, ta daɗe ba ta buɗe ido ba.

Gyaran ya ci wata biyar da motarta da rabin gidanta. Mai ɗab'i bai sake gaishe ta ba, mai kemis ya koma wani layi. Auta ta yi sati uku ba ta yi mata magana ba, daga baya ta zo da kanta da samfurin fenti tana tambayar wanne za a shafa.

Ranar da injiniya ta ce an gama, ni na riƙe wa Gwaggo hannu muka hau. A kowace matakala sai ta tsaya ta kasa kunne. Da muka kai sama ta zagaya ɗakin ta jikin bango, ta ƙi taka tsakiya, sannan ta ce mu sauka haka nan, ta gani.