Ranar da Allon Darakta Ya Koma Shuɗi

Har gobe ban manta da safiyar da Darakta ya ƙwala mini kira wai allonsa ya lalace ba. Lokacin ina sakataren wata ƙungiya mai makarantu uku, uwar a Ƙaura Namoda, rassa a Shinkafi da Moriki. Ku sababbin ma'aikata ba ku tarar da tsohon allonmu ba, na katako ne a bangon ofis. Duk shugaban reshen da ke da buƙata, a nan ake rubuta ta da alli. Idan ya cika, dole Darakta ya yi ɗayan biyu: ya biya buƙata a goge, ko ya dubi mai ita ya ce ba za a yi ba. Na biyun nan kuwa Darakta ya fi tsoronsa da allura.

Sai aka kawo mana manhajar allo marar iyaka. Fili ne fari a kwamfuta da waya, ka liƙa kati ko hoto inda ka ga dama, ka ja gabas ka ja yamma ba ya ƙarewa. Gaskiya ta yi mana rana. Kowane reshe na gani yana kuma iya taɓawa daga inda yake, ba sai malami ya hau hanyar Zurmi da ransa a hannu don ya kawo takarda ba. Ni kaina na yi murna.

Amma murnar Darakta ta fi ta kowa, don ya samu allon da ba ya cika. Kowa ya zo da kuka, amsa ɗaya ce: "Shina kan allo." Sabuwar buƙata ta shigo tsakiya, tsohuwa a tura ta gefe.

Malama Rabi, shugabar reshen Moriki, tun da bazara ta liƙa hoton ajinta na 'yan firamare ɗaya, iska ta yaye kwano ta bar rami ana hango sama. Iyaye sun gaya mata in damina ta sauka a haka za su kwashe 'ya'yansu, in kuwa suka kwashe, reshen ya mutu. Duk sati sai ta buga waya, duk sati a ce mata yana kan allo. Da na neme shi wata rana, sai da na wuce tsarin gina ɗakin taro da hotunan walimar bara kafin in same shi. Na ce wa Darakta katin Malama ya kusa shiga Nijar. Dariya kawai ya yi.

Ranar da nake faɗa muku, kwamitin amintattu ne ya zo taron zango, an kunna majigi don a burge shugabansu, wani Alhaji dillalin hatsi da ba ya son dogon turanci. Darakta ya buɗe allo, sai shuɗi fes. Ya ja dama, shuɗi. Ya ja hagu, shuɗi da ɗan gajimare.

"Malam Sani, mi anka yi ma abin ga?"

Na karɓa na yi ta rage girman abin da ke kai. A hankali bakin kwano mai tsatsa ya leƙo, sai katakon rufi, sai bango. Ashe Malama ce ta jawo hotonta tsakiya, ta buɗa shi har ya haɗiye komai. Duk yawon da Darakta ke yi, cikin ramin rufinta yake yinsa.

Alhaji ya ce a kira ta a buɗe murya kowa ya ji. Da ta ɗauka, da ƙyar muke jin ta don ƙarar ruwa da ihun yara.

Darakta ya gyara murya. "Malama, ke kinka ɓata muna allo?"

"Ranka shi daɗe, ban goge komi ba, duk shina nan ƙarƙashi. Abin da yarana ka kallo kullum ne na ce ku ma ku ɗan kalla. Ku yi haƙuri in tahi, ruwa na zuba bisa littattahai."

Ni dai na sunkuyar da kai ina danne dariya, amma wallahi ihun yaran nan ya taɓa mini zuciya. Alhaji ya juya ya ce, "Darakta, za a yi ko ba za a yi ba? Ɗaya za ka hwaɗi." Darakta ya nemi kalmarsa ta kullum, ya dubi bango, ya ga ai ba ta da amfani yau. Ya ce za a yi. Kafin Juma'a kafinta ya hau rufin, kuma yara ba su watse ba.

Abin da na koya shi ne, manhajar ba ta da laifi, tana ajiye duk abin da ka ba ta. Sai dai ajiya ba hukunci ba ce, kuma shugaban da ba ya iya cewa a'a zai ɓoye a cikinta har ritaya. Shi ya sa kuke ganin jan akwatin nan da na zana a tsakiyar allon, daidai girman tsohon na katako. In ya cika, ba ya ɗaukar sabon kati sai an ba mai tsoho amsa, baki da baki.