Wasan Audu Makanike da Gyara Ya Cinye

Duk wanda injin jirginsa ya taɓa yin tari a bakin ruwan Wara ya san rumfar Audu Makanike. Tana nan gab da masu bandar kifi, fallen kwano uku da buhu ɗaya suka rufe ta, ga farfela a rataye, ga fulogi zube cikin tsohon kwanon sha. Audu ɗan gajere ne mai manyan kunnuwa, kuma wallahi kunnuwan nan su suka ciyar da shi. Tun yana ɗan shekara goma sha biyar maigidansa a Yelwa ya dasa masa karatu guda: mai inji ba ya ƙarya. In mutum ya ce injinsa na ƙara, to yana ƙara, ko kai ba ka ji ba. Naka kawai ka kwance ka gyara. Da wannan karatun Audu ya yi aure, ya gina ɗaki biyu, ya yi furfura a gemu, ba a taɓa jin ya yi musu da kowa ba.

To sai ga shi rana tsaka ya sayo littafi mai falle tamanin da biro biyu, ya ce wasan kwaikwayo zai rubuta.

Mutane sun yi dariya, amma wanda ya san gidansu bai yi ba. Audu yana da ƙane, Tamada, yaro mai tsawo da surutu, wanda ya shiga jirgi ranar kasuwa shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Jirgin ya ɗauko mutane da buhuna da babura fiye da ƙima, ya daki kututturen itace a ƙarƙashin ruwa, ya kife. An ga wasu, ba a ga Tamada ba. Aka yi masa salla babu gawa, babu kabari, kuma tun ranar mahaifiyarsu Inna Uwani ba ta sake kiran sunansa ba. Abin da Audu yake so bai wuce fitowa ta ƙarshe ba. A littafinsa masunta sun tsamo Tamada, an wanke shi, an sa masa likkafani, an kai shi makwanci kamar kowa. Duk sauran shafukan hanya ce kawai ta isa wurin kabarin nan.

Wata huɗu yana rubutu da hannu mai baƙin mai. Da ya gama ya kai wa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta gari, mai ɗaukar wasanninta da waya, wadda Malama Hannah, malamar firamare, ke shugabanta. Ya karanta musu a ƙarƙashin darbejiya, har wasu suka share ido. Da ya tsaya nan da an zauna lafiya. Ina! Sai ya rufe littafi ya ce, "To jama'a, duk wanda ya ji ƙara a ciki ya faɗa, a gyara."

Wanda ya fara jin ƙara shi ne Baba Ya'u, tsohon da zai ba su aron jirgi.

"Audu, jirgin wa za shi kihewa?"

"Naka, Baba. Amma a wasa ne."

"A wasa! In an gan shi kihe cikin waya, gobe wa za shi shiga? Ni jirgina bai taɓa kihewa ba, ba kuma a hannunka za shi hwara ba."

Audu ya ce gaskiya ne. Ya koma ya gyara: jirgi zai ɗan karkata kawai, Tamada ya zame ya faɗa ruwa. Ya kawo. Baba Ya'u ya saurara har ƙarshe, ya cire hula ya mayar.

"Yanzu kai, Bagunge ɗan Bagunge, jinin mutanen ruwa, ka rubuta da hannunka cewa ɗan uwanka ya hwaɗa ruwa daga jirgi lahiyayye ya kasa hitowa? So kake a yi muna dariya har Shanga?"

Wannan ma ƙara ce. Audu ya kwana biyu yana tunani, ya sako dorina cikin labarin, don ko gwanin iyo ba ya ja da dorina. Aka samo baƙin tamfal, aka sa ƙatti biyu a ciki, ɗaya kai ɗaya gindi. Ranar gwaji dorina ta taho da kyau har bakin ruwa, sai rabin bayanta ya toge ya ce shi mutumin tudu ne, bai iya ruwa ba, kuma ba wanda ya gaya masa da shiga. Rabin gaba ya ja, rabin baya ya ja, tamfal ya yage, masu banda suka bar kifi a wuta suna riƙe ciki. Audu ya ciro biro ya kashe dorina.

Sai Malama Hannah, ita kuma cikin ladabi ta zo da tata. "Malam Audu, rubutunka ya taɓa ni, Allah ya sani. Amma yarana za su kalla. Ya kamata kowane fasinja ya sa rigar ruwa, don su koyi darasi."

"Malama, ai in ya sa rigar ba zai nutse ba."

"To ka ga darasin ke nan."

Ya buɗe baki, ya tuna maigidansa na Yelwa, ya rufe. Aka sa wa kowa riga mai ruwan lemo.

Bashir mai ɗaukar hoto bai ce komai a kan labari ba, shi a kan wayarsa ya yi magana. Ya ce wayarsa ta fari tana ƙasan tafkin nan, wannan kuwa ko inuwar ruwa ba za ta gani ba. Saboda haka aka taru mutum goma sha biyu aka ja jirgin Baba Ya'u kan yashi, taku talatin daga ruwa. Audu ya ce to, ko a kan yashin ne Tamada ya yanke jiki ya faɗi, ai ajali ba ruwansa da tudu. Nan fa uwar yaron da zai fito a Tamada ta iso da mayafi a kafaɗa. Ta ce ta ji ana shirin sa wa ɗanta likkafani, to duk wanda ya matsa kusa da shi da farin ƙyalle, ita da shi sai gaban alƙali.

A ranar Audu ya yage shafi shida na ƙarshe. Bai iya jefarwa ba, ya ninke su ya tura cikin akwatin sifanu.

Ga wasan da ya saura, kuma na rantse haka aka gwada shi: jirgi a kan yashi, fasinja ashirin cikin rigar ruwa suna zufa suna gaishe-gaishe, direba ya ja igiyar inji sau uku don ado, sannan Tamada ya sauko ya ce, "Alhamdu lillahi, mun iso," ya tafi gida. Aka tafa. Baba Ya'u ya ce yanzu aka yi wasa. Audu ya bi kowa da godiya, alhali ya san wata huɗu ya yi yana haƙa kabari aka taru aka cike masa shi.

Saura abu ɗaya. Malama Hannah ta ce tunda sunan ɗan mutane ne a ciki, sai an nemi yardar Inna. Audu ya yi kwana uku yana kewaye-kewaye, ran na huɗu da la'asar ya same ta a bayan gida tana juya kifi a kan ragar banda. Ya tsuguna ya karanta mata sabon wasan, yana haɗiye sunan duk inda ya zo. Ba ta ɗago ba har ya kai "mun iso".

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Inna."

"Ya dawo gida ke nan?"

"Ya dawo."

"To ina yake?" Ta ajiye kifin da ke hannunta. "Audu, ni za ka karanta ma ƙarya? Shekara goma sha ɗaya ina duban ƙohwar nan. Mi ka rubuta tun hwari, kahin su sa maka baki?"

Ya tafi rumfa da sauri ya ɗauko shafukan nan shida, duk sun sha baƙin mai. Ya karanta yadda masunta suka tsamo shi, yadda aka shimfiɗe shi a zaure, yadda aka ɗauke shi. Inna ta saurara da hannu a haɓa, hayaƙi na bi ta kanta.

"Akwai gyara," ta ce.

Audu ya ciro biro, don hannunsa ya saba.

"Rigar ba shuɗiya ba ce. Ruwan ƙasa ce, ni na wanke ta ran Laraba. Kuma ka sa shi can ƙarshen maƙabarta shi kaɗai, awa baƙo. Matso da shi kusa da babanku, akwai wuri daga gabas." Ta goge ido da bakin zane. "Sannan ka bar cewa mamaci, mamaci. Tamada sunanshi. Rubuta Tamada."

Ya rubuta. Hawaye ya ɗiga kan takardar, ya sa yatsa ya share, ya ƙara ɓata ta.

Washegari ya mayar wa Malama Hannah rigunan ruwa, ya ce a taya Baba Ya'u tura jirginsa cikin ruwa. Baba Ya'u ya biyo shi har rumfa yana faɗa, wai wasa mai kyau irin wannan a bar shi ya lalace, in ƙarshen ne bai yi ba ai sai a sake duba shi.

"Babu ƙara a cikinsa, Baba," in ji Audu, karo na farko a rayuwarsa. "Mai shi ta karɓa."

Ba a taɓa ɗaukar wasan ba. Shafi shidan nan suna cikin kwallar Inna Uwani, ƙarƙashin zannuwanta, kuma duk Juma'a bayan an sauko masallaci takan aika a kira Audu ya karanta mata tun daga inda masunta suka hango rigar.