Fatar Saniyar Kawu

Ni mai digiri ne a fannin sinadarai, aikina kuwa gagarumi: ina shafe robar likitoci da kolajen, sinadarin da ake samu a fatar dabba, domin ƙwayoyin jiki su manne mata. Tun hawan sojoji mulki aka rufe iyakoki, kolajen ya yanke a laboratuwarmu ta Lamorde.

Jiya na je Tondibiya, inda fari ya tilasta wa Kawu yanka saniyarsa ta ƙarshe.

"Kawu, a ba ni fatar domin ci gaban kimiyya."

Ya nuna tukunya bisa murhu. "Ga ta nan, ɗana. Zauna a zuba maka."

Na zauna, na ci.

Duk mai fatar da ta tsira daga tukunya ya rubuto mini kafin Juma'a, in ba haka ba na rufe binciken.